Kafin ka sayi kwamfutar nan mai haɗe da allonta

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka, Jidda da Madina.

Duk lokacin da aka kusa komawa makaranta, ko aka fara rangwamen ƙarshen shekara a Jarir da eXtra, tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakaninmu: a sayi kwamfutar nan da aka dunƙule komai a bayan allonta, ta zama ita ce talabijin, ita ce rediyo, ita ce ta karatun yara, ko kuwa a sayi kowane abu daban? Ra'ayina a fili yake. Ga yawancin gidajenmu na nan, rarrabawa ta fi alheri. Dunƙulalliyar tana da wurinta, zan zo kansa, amma wurin bai kai faɗin da masu shago ke nunawa ba.

Mai shago zai lissafa maka abin da na'urar ke iya yi. Kai kuma abin da ya kamata ka tambaya shi ne: ranar da abu ɗaya ya mutu a cikinta, me da me zai bi shi kabari?

Kayan da ke cikin kwamfuta ba tare suke tsufa ba. Allo mai kyau yana iya shekara 10 yana haske lafiya. Lasifika ta fi haka ma daɗewa. Amma ƙwaƙwalwar, wato furosesa da bod ɗin da take zaune a kai, bayan shekara 5 ko 6 ta fara jan ƙafa, ko da ba abin da ya ƙone, don manhajoji kullum ƙara nauyi suke yi. Fanka da adafta su ne masu gajeren kwana. A dunƙulalliya an ɗaure waɗannan duka da igiya ɗaya, mai dogon kwana da mai gajere. In allo ya tsage, kwamfuta lafiyayyiya ta zauna. In bod ya ƙone, allo mai inci 24 da ba abin da ya same shi ya koma madubi baƙi a kusurwar ɗaki.

Misalin da kowa zai iya gani da idonsa shi ne abin da ya faru da Windows 10. Microsoft ta daina ba shi kulawar yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma yana da sharaɗi: sai da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai furosesa daga zubi na 8 zuwa sama, a AMD daga Ryzen 2000. Duk wata dunƙulalliya mai zubi na 6 ko na 7 ta faɗa bayan layi, alhali allonta garau yake. Wanda ya sayi allo daban da akwatin kwamfuta daban, akwatin kawai zai canza, ya zare waya ɗaya ya soka a sabon. Mai dunƙulalliya sai ya sake sayen allon da yake da shi.

Wani zai ce ai akwai ramin HDMI a bayanta, sai a mayar da ita allo. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Ramin da ke jikin yawancinsu na fitar da hoto ne zuwa wani allo, ba ya karɓa. Mai karɓa an rubuta HDMI-in a gefensa, kuma ba kowace ke da shi ba. Leƙa bayanta da fitilar wayarka ka karanta, kada ka tsaya kan "eh, akwai" ɗin mai shago. iMac na Apple ma haka: tsofaffin da aka yi tsakanin 2009 da 2014 wasunsu ana iya mayar da su allo, amma sabbin, irin mai inci 24 da ta fito a 2021, ba su da wannan ƙofa, kuma ram ɗinsu, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, a manne yake, abin da ka saya da shi da shi za ka zauna har ƙarshe.

Sai zafi, wanda shi ne ainihin abin da ke cin na'urorinmu a wannan ƙasa. Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa kwamfutarsu ta yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba. Wanda ya yi bazara a Makka ya san rana tana haura 45, kuma ɗakin da aka kashe wa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, aka fita, da la'asar tanda ne. A dunƙulalliya furosesa tana manne a bayan allo, cikin wuri mai kaurin da bai fi yatsu biyu zuwa uku ba. Allon yana fitar da nasa zafin, furosesa tana fitar da nata, fanka ɗaya 'yar ƙarama irin ta laftof ce ke kore su duka ta wata siririyar tsaga. In furosesa ta kusa digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Shi ne za ka ga kwamfuta da safe tana tashi kamar doki, bayan rabin awa yaro yana tsakiyar darasi a Madrasati, shafin karatun makarantun Saudiyya, ta fara sanɗa, fanka tana kuka. Mutane sai su ce bairos ne, a kai ta a goge komai a sake zubawa, a biya kuɗi, ta dawo da halinta.

Abin da ke toshe tsagar nan ba ƙura kaɗai ba ce. Gidajenmu ba a raba su da turaren wuta, kuma hayaƙinsa yana da maiƙo. Fanka tana zuƙo shi, ya kwanta a kan siraran ƙarafan da ke sanyaya furosesa, ƙura ta zo ta manne a kai. In aka buɗe wadda ta shekara biyu a falon da ake turare kullum, za a tarar da wani abu kamar audugar katifa mai ruwan ƙasa ya rufe bakin iskar ruf, har ana iya ɗago shi da yatsa a dunƙule, yana ƙamshin oud. A Jidda kuma ga damshin teku mai gishiri, wanda ke sa ramukan USB su yi tsatsa kore. Akwatin kwamfuta na daban noti biyu za ka kwance ka hure shi cikin minti biyar. Dunƙulalliya wata sai an ɓanɓare bayanta gaba ɗaya da ƙaramin roba, maƙallanta suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. iMac tun daga 2012 allonta da gam aka liƙa shi, sai an yanka gam ɗin kafin a kai ga fanka, kuma hannun da bai saba ba a nan yake fasa gilashin.

Wanda ya riga ya saya kada hankalinsa ya tashi, akwai abin yi. A bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Kada a ajiye ta daidai ƙarƙashin mukayyif, don ranar da bututunsa ya toshe, ruwan a cikin tsagar sama zai ɗiga. In za a yi turare a kashe ta, a yafa mata ƙyalle, sai hayaƙi ya lafa. Duk wata huɗu zuwa shida a zare ta daga wuta a hure tsagogin, amma a tokare fankar da tsinken sakace kafin a hura, domin iska mai ƙarfi tana juya ta fiye da ƙima ta lalata mata gindi. Bayan shekara biyu zuwa uku a sa mai gyara ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya sa sabo, kwatankwacin ƙwayar wake, ba a lafta shi kamar man shanu ba.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wadda ba ta cikin takardar da ke zuwa a kwali. Gidanmu ba gidan mutum ɗaya ba ne. A falo ɗaya akwai Hajiya da ke son tashar Alƙur'ani ta Harami a kunne tun bayan asuba, akwai yara uku kowa da aikin makarantarsa, akwai maigida da zai dawo da dare yana son labarai ko ƙwallo. Allo ɗaya ba zai ɗauki wannan ba, taura biyu ba ta taunuwa balle biyar. Na'urar da aka ce tana yin komai, a lokaci guda mutum ɗaya take yi wa aiki, sauran suna layi. Kuma wanda ke haƙura a layin nan kusan kullum tsohuwa ce, don ita ce ba za ta yi gardama da jika ba.

Ku dubi yadda Hajiya ke amfani da talabijin da risiba. Rimot ɗin an naɗe shi da leda, lambobin sun goge, amma babban yatsanta ya san inda jan maɓallin yake. Ta danna sau ɗaya, Ka'aba ta bayyana, ta koma kan dardumarta. Ba ta nemi kowa ba. A ɗora ta gaban kwamfuta kuma: a jira ta tashi, a sa kalmar sirri, wani saƙo ya fito da Turanci yana neman a sabunta, intanet ya yanke, sai ta ɗaga murya, "Wane, zo ka kunna min Harami." Matar da ta riƙe gida shekara arba'in an mayar da ita mai jiran yaro ɗan shekara tara ya gama wasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Risiba da dish da ke kallon Arabsat ko Nilesat ba ruwansu da intanet, ba ruwansu da kuɗin wata a tashoshin kyauta, kuma in risibar ta mutu, canza ta bai kai kuɗin cefanen mako ba.

Haka agogon salla na bango, irin su Al-Fajr da Al-Harameen da ke cike a shagunan kusa da Harami. Aiki ɗaya ya sani. Ka zaɓa masa gari, ka sa shi a lissafin Ummul Ƙura, ka sa masa batir, shi ke nan, shekara da shekaru. Waya ma tana kiran salla, gaskiya ne, sai dai ranar da aka sa ta a shiru, ko tsarin tanadin batir ya kashe manhajar cikin dare. Ƙaramar rediyon Alƙur'ani mai katin ajiya ita ma haka take, ana iya kai ta kicin, ana iya ajiye ta gefen maras lafiya.

Ba ina cewa duk abin da ke aiki ɗaya ya tsira ba ne. Talabijin ɗin zamani ita ma dunƙulalliya ce a ɓoye, allo ne da 'yar kwamfuta mai rauni a ciki, kuma 'yar kwamfutar ce ke fara tsufa. A Disamba 2019 Netflix ya daina aiki a wasu tsofaffin talabijin na Samsung, allunansu kuwa lafiya lau. Maganin mai sauƙi ne: kada ka ƙara kuɗi don wayon talabijin, ka sayi mai kyan hoto da ramukan HDMI uku, wayon ka sayo shi daban a ɗan sandan nan ko ɗan akwatin da ake sokawa a baya. In ya tsufa ka jefar da shi kaɗai. Injin buga takarda mai haɗe da sikana shi ma a yi hattara, akwai waɗanda in tawada ta ƙare sikanar ma ba za ta yi aiki ba, kuma tawadar ruwa tana bushewa a bakin allurar in aka yi makonni ba a buga komai ba, balle a zafin nan. Gidan da ba ya buga takarda sai jefi-jefi, mai hoda baƙi da fari ya fi masa, hoton takarda kuma waya ta isa.

Masu cewa dunƙulalliya ta fi tanadin wuta, mu yi lissafi. A ce tana jan wat 60, ana kunna ta awa 6 kullum. A wata ya zama kilowat 10.8. Kuɗin wutar gida a nan halala 18 ne kowane kilowat matuƙar ba ka haura 6,000 a wata ba. Bai cika riyal 2 ba kafin haraji. Ko ka ninka shi uku saboda ka raba na'urori, bai kai abin da mukayyif ɗaya ke sha a 'yan kwanakin bazara ba. Faturar wutarka ba a nan take kumbura ba.

To me za a saya? Ga gida mai yara 'yan makaranta, ni abin da nake ba da shawara shi ne ƙaramar kwamfutar nan mai girman littafi, irin ThinkCentre Tiny na Lenovo, ko OptiPlex Micro na Dell, ko Mini na HP, tare da allo mai inci 24 daban. A bayan allon a duba akwai ramukan noti huɗu a murabba'i, tazarar santimita 10 ko 7 da rabi, sunansu VESA. Da ɗan faranti ake ɗaure kwamfutar a nan, ta ɓuya a baya, teburi ya zama fes kamar na dunƙulalliya, amma kowanne da ransa. Ram kada ya gaza gig 8, in da hali 16. Ma'ajiya ta zama SSD, aƙalla gig 256, kada a yarda da tsohon faifai mai juyawa komai arharsa, shi ne rabin nauyin da mutane ke kuka da shi. Waɗannan ƙananan noti ɗaya ne a bayansu, ka zame murfin, ga ram ga ma'ajiya ga fanka a gabanka. Kyamara da kibod da maus kowanne daban, wanda ya lalace a sauya shi a baƙalar kayan waya.

In na hannu za a saya, a Haraj, kasuwar kayan hannu, ko a shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid a Jidda, a karanta lambar furosesa. Lambar da ke bin ƙaramin layin ita ce zubi: i5-7500 na bakwai ne, a bar shi, i5-8500 na takwas ne, ya tsallake, i5-10500 na goma ne. A shiga BIOS, shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, a gaban mai shago a tabbatar ba kalmar sirri, don yawancinsu daga kamfanoni suka fito kuma wasu a kulle suke. A kunna bidiyo minti ashirin a kasa kunne ga fanka. A buɗe farin shafi ya cika allo, sannan baƙi, a nemi ɗigon da ya mutu ko rawayar da zafi ke bari a gefe. In iMac ce, mai ita ya fita daga asusunsa na Apple a gabanka, in ba haka ba ka sayi ƙarfe. Wani ƙaramin abu kuma: in kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da aka zare wuta, har shafukan intanet suna ƙin buɗewa, batirin CR2032 ne mai kamar kwabo ya mutu. Kada a bari a ce maka bod ne.

In sabuwa ce, a riƙe fatura. Ƙa'idar Ma'aikatar Kasuwanci ita ce garantin shekara biyu a kan kayan wuta da na lantarki, kuma ana kai ƙara ta lamba 1900. Takardar fatura tana goge kanta cikin 'yan watanni a zafi, don haka a ɗauke ta hoto ranar da aka saya. Sai dai a tuna garanti ba ya biyan allon da yaro ya jefa wa rimot, kuma gilashin dunƙulalliya na wannan samfurin ne kaɗai, sai an yi odarsa, sau da yawa kuɗinsa ya kai na sabon allo sukutum ko ya fi.

Wurin da dunƙulalliya ta dace: teburin karɓar baƙi a ofishin umara, kantin da waya ke yi wa yawa, ko ɗakin mutum ɗaya da ba shi da yara kuma mukayyif ba ya mutuwa. Ko a nan ɗin a zaɓi ta ofis, mai ƙofa a baya da ake kaiwa ga ram da ma'ajiya, mai HDMI-in. Lenovo ma suna da wani allo, Tiny-in-One, da aka yi masa aljihu a baya ana zura ƙaramar kwamfutar a ciki, a zare ta in ta tsufa.

Saura masu aika tsaraba gida, Kano ko Zinder ko wajen 'yan uwa a Sudan. Wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan sau 50. Kwamfuta da talabijin da caja yawanci ba ruwansu, duba jikin adafta za ka ga an rubuta 100-240V da 50/60Hz. Amma duk abin da ke da mota a ciki, injin wanki, firji, mukayyif, in 60Hz kaɗai aka rubuta masa, a can zai yi gudu ƙasa da nasa da kusan kashi ɗaya cikin shida, ya riƙa zafi, ya mutu da wuri. A karanta lambar da ke bayan kaya kafin a biya kuɗin kago. A nan ma, tsofaffin gidajen Makka da Jidda har yanzu akwai masu soket iri biyu, na 127 da muke kira ɗari da goma, da na 220, tun kafin a fara mayar da ƙasar kan 230. Tsohon akwatin kwamfuta mai ɗan jan makunni a baya, 115 ko 230, in yana kan 115 aka soka shi a 220, ƙara ɗaya zai yi da hayaƙi.

Kuma a can gida ne lissafin wat ke da nauyi, inda ake kan sola da batir. Ƙaramar kwamfuta da allonta ba su cika wuce wat 40 zuwa 50 a aikin yau da kullum ba, laftof kuwa ta zo da batirinta, in an ɗauke wuta ba ta sani ba. Dunƙulalliya, kamar duk kwamfutar da ba ta da batir, ana ɗauke wuta take mutuwa a tsakiyar aiki, kuma yawan haka yana lalata abin da ke cikin ma'ajiya. Ga hanya: gilashi mai inci 24 a cikin kayan kago, ƙarƙashin jarkokin wasu da katan ɗin dabino, sai an yi sa'a. In ya isa a fashe, mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano zai iya neman irinsa ya rasa. Ƙaramar kuwa nauyinta bai kai kilo biyu ba, tana shiga jakar hannu tsakanin jallabiyoyi, allo kuma a saya a can, ko a soka ta a talabijin ɗin da ke falon tun da ma.